Mota Mai Hayaƙi a Mitchellville

Tun da matata Atine ta rasu, masu zuwa gidana iri biyu ne: mai kawo wasiƙu, da masu son sayen tsohuwar motata. Na farkon ba ya gaisuwa.

Willys-Knight ce ta 1928. Injinta ba shi da bawul irin na sauran motoci. Kwanson ƙarfe biyu ne ke zamewa sama da ƙasa cikin kowace silinda, shi ya sa ba ta da ƙara, sai hayaƙi. Atine kan ce halinmu ɗaya.

Diyata Debbie ce ta saka tallar, daga Texas. Ni kuwa na gano amfaninta: duk Asabar wani zai zo, in dafa shayi, in faɗa masa gaskiya har ya gudu. Wata Asabar ɗin kuma wani daban ya zo.

Wannan karon Misbahu ne, injiniya daga garin Laurel. Ya rusuna ya gaishe ni, abin da na manta ana yi.

"Tana shan mai kamar ba gobe," na ce. "Maƙwabta za su tsane ka."

"Sun riga sun tsane ni, Baba."

"Babu kayan gyaranta a shago. In kwanso ya tsage, sai an ƙera maka. In ka ajiye ta ba tayarwa, inji ya kafe. In ka taka totur inji da sanyi, ka kashe ta."

Na ba shi makulli ina jira. Kowa yana takawa. A nan nake korarsu. Shi kuwa ya tayar, ya ɗauke ƙafarsa, ya harɗe hannu. Muka zauna a ciki, ni a kujerar Atine, shuɗin hayaƙi na fita ta ƙofar gareji, har inji ya ɗumama. Rabon da in zauna shiru kusa da mutum tun Atine na asibiti.

"Ka sallama, Baba?"

Na laluba wani aibin, babu saura. Dattijo kuma ba ya saka kaya a kasuwa ya ce wasa yake.

"Na sallama."

Ya ce zai riƙa kawo ta ina gani. Na karanta littattafai da yawa, na san ƙarshen irin wannan alkawarin.

Asabar ta zagayo na dafa shayi, na fito da kofi biyu. Na mayar da ɗaya.