Kunyar Ɗan Fari

Asama'u — ragon ma har an feɗe, ni kuma ina zaune kan bencin da kike shanya tsummokaran Ahmad. Suna ake yi a gidan hayarmu. Matar Ladan ce ta sauka, Jannatu, ta ɗakin da ke jikin namu. Ɗan fari, namiji. Kamar mu.

Ɗazu da aka ɗaga labule za a shigar da ruwan zafi, na gan ta. Ba kallo na yi ba, Allah ya sani, ido ne ya faɗa. Tana bakin katifa, an yi mata lalle, jaririn na kuka a gefenta, ita kuma ta zuba wa bango ido. Wata tsohuwa ta fito tana dariya, wai yarinyar nan akwai alkunya, ko kallon ɗan ba ta yi, irin matan da. Mata suka yi ta sa albarka.

Haka aka ce da ke.

Ni ma haka na ce. Har a waya na gaya wa Innarki a Funtuwa, wai kin iya kunyar ɗan fari, ko sunansa ba kya kamawa. Ta ji daɗi. Ta so zuwa ta yi miki wankan jego, ciwon ƙafa ya hana. Ke kuma likita ya ce ɗinkin tiyata ba ya son doguwar mota. Sai kika zauna. Ɗaki ɗaya, kwano a sama, rana ta wuni tana dafa shi. Ni in fita da asuba in bi motar Abuja, in wuni durƙushe ina jera tayil a gidajen da ba zan taɓa kwana ciki ba, in juyo cunkoson Zuba ya cinye abin da ya rage a jikina. Wa kike yi wa magana tsakanin asuba da isha? Ban taɓa... Dutsen Zuma ma yana samun masu tsayawa su dube shi.

Nono ya ƙi zuwa. Wata ta ce a ƙara kunun kanwa, wata ta ce ai wadda aka yanka aka ciro mata ba ta san zafin ɗa ba, shi ya sa. A tsakar gida ta faɗa, tana wanke-wanke, kina ji. Maman Tobiloba, Bayarabiyar maƙwabciyarmu, ita ce kawai ke turo ƙofa da farfesu, ta dawo ta tarar da kwanon yadda ta ajiye. Ta tare ni a zaure da Hausarta mai tuntuɓe, ta ce matarka ba ta barci, ba ta kuka, wannan ba kyau. Na ce al'adarmu ce, ba za ta gane ba. Al'ada...

Ana kiran Ladan ya zo rabon nama. Yana dariya, hula a karkace. Gobe zai koma gadinsa a Wuse, can yake kwana. Tsohuwar nan, gwaggon da ta zo wa Jannatu zaman jego, jibi za ta tafi. Daga nan sai bango.

Wata Juma'a na dawo da wuri, da lemo a leda. Kina tsaye, kin riƙe Ahmad nesa da ƙirjinki. Kika ce, "Yaya, in na ɗauke shi ba na jin komai. Kamar an ba ni ajiyar tulun wasu, tsorona kawai kar ya faɗi. Ni wace irin uwa ce?" Na yi dariya — dariya, Asama'u — na ce kunya ce, za ta wuce in an yi arba'in. Kika ce to. Ba ki ƙara ba. Ko zazzaɓin da ya biyo baya ɓoye shi kika yi, kamar wadda ba ta ga ta isa a duba ta ba. A asibiti nas ta tambaye ni ko kina ci, ko kina hira, tun yaushe. Ta ce akwai ciwon da ke kama zuciyar mai jego, yana da magani, da an zo... ba ta ƙarasa ba. Kowa ya ce zazzaɓi ne, kwana ya ƙare. Haka ne. Amma ni na san kin riga zazzaɓin tafiya.

Ahmad yana wurin Inna. An ce ya fara rarrafe.

To in tashi in ce wa Ladan me? Na ga matarka? Ranar sunan ɗansa in ja shi gefe in ce kar ka yarda da kunyar nan? Zai ce rashi ya taɓa mini kai. Zai ce mugun baki nake masa. Wataƙila ma kunyar ce da gaske — akwai masu ita, ko ba haka ba? Wataƙila ni ne ke ganin fuskarki bayan kowane labule. In kuma ba ita ba ce...

Jaririn ya sake fasa kuka. Ina jira in ji ta ɗauke shi. Ina jira. Tsohuwar ce ta shiga.

Ga Ladan a kaina da kwanon nama. "Suhaibu, ka ci mana, tun safe kana zaune kamar baƙo." Bakina ya buɗe. Abin da ya fito, Allah ya raya.

In ba maganarki na ba shi ba, yadda kika faɗe ta, ba zai yarda ba. Ita ce kuma kaɗai abin da kika bar mini ni ɗaya. Tana nan ƙarƙashin harshena, Asama'u, shi kuma yana tsaye yana jira in miƙa hannu. Ko Inna ba ta sani ba. Har yau ban faɗa wa kowa ba.