Ranar da Na Ce wa Soja Ni Ba Ashanti Ba Ce

Shekara ashirin da biyu ina sayar da shinkafa da wake a gindin bishiyar dogonyaro da ke bakin tashar tirotiro, wato ƙananan motocin haya. Gurin nan nawa ne, kowa a unguwarmu ta Nima ya sani. Takarda dai ba ni da ita, amma hayaƙin tukunyata ne ya baƙanta katangar tashar.

Sai korona ta zo, aka kulle gari, aka zuba sojoji a kowace mararraba. Gidanmu ya koma kamar asibiti, kowa kwance. Sayibu mai aski da ke ɗakin farko ya rasa kan da zai aske, har ya fara kallon gemun akuyata. Tela ba biki, yaran mota ba mota, masu lalle sun bushe kafin lallensu. Mu duk abincinmu a jikin mutane yake, ga shi an ɗauke mutanen.

Rana ta uku na ce ba zan mutu a ɗaki ba. Ni da Mulikatu mai koko, maƙwabciyata, muka ɗauki kaya bayan sallar asuba. A mararraba wani soja ya tare mu, yaro ƙarami da takunkumi har ƙasan ido. Ni ban tsorata ba. Kakana saja ne a zamanin Turawa, lambarsa tana cikin akwatina. Na gyara tsayuwa na yi masa gaisuwar soja da Hausa, tunda a zamanin kakana sojan da ba ya jin Hausa ba soja ba ne. Yaron nan ko ƙyaftawa bai yi ba. Ya nuna ni da yatsa, ya yi wani gunaguni daga bayan ƙyallen.

Abin da na ji shi ne: “Yu bi Ashanti?”

Jinina ya hau. A ƙasar da kakana ya yi wa fareti, yau sai na zama Ashanti kafin in wuce titi? Na ce, “No! No Ashanti! Zango!” Ya sake tambaya. Na sake ce masa no, har da bugun ƙirji. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini hanyar gida.

Ya juya kan Mulikatu. Matar nan da kakanninta suka zo daga Ilori, sai na ji ta ce, “Yes sa.” Ya buɗe mata hanya.

Ta waiwayo ta ce, “Sanatu, ce yes mana!”

Na ce, “Je ki, mai sayar da asalinta saboda koko.”

Sati uku na zauna a gida da mutuncina. Ni da mutuncin muka cinye waken. Kullum Mulikatu ta dawo za ta yi mini magana, sai in rufe ƙofa. Da aka buɗe gari na je tasha, na tarar da ita a gindin dogonyarona, kuma ba koko kaɗai ba, ta ƙara shinkafa da wake, don masu gadi da ma'aikatan asibiti sun yi ta tambaya.

Na ɗaura gyale na tafi gaban sarkin unguwarmu. Na kai ƙara biyu: sojan da ke wariyar ƙabila, da ɓarauniyar guri. Na yi jawabi mai kyau, wallahi, har lambar kakana na ajiye a kan tabarma.

Sarki ya ce, “Mma Sanatu, maimaita abin da sojan ya faɗa.”

Na maimaita. Mulikatu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, esenshal ya ce. Wato masu aikin da ba a iya zama sai da su. Masu abinci suna ciki. Sau biyu yaron nan ya roƙe ta ta wuce, tana dukan ƙirji tana cewa ita ba ta da amfani.”

Fadawa suka faɗi da dariya. Liman ma ya juya wa bango fuska.

Na ce, “To me ya hana shi cire ƙyallen? Me ya hana gwamnati yin dokarta da Hausa?” Har yau ba wanda ya amsa mini wannan, kuma ban janye ƙarar ba.

Maganar guri kuwa, sarki ya raba inuwar biyu, tunda Mulikatu ce ta riƙe masu cin abinci ba su watse ba. Ita gabas, ni yamma, wajen kwata. Yanzu direbobi in sun zo sai su ce, “No Ashanti, zuba mana da ƙwai.” Ina zuba musu. Yajin ne nake ninkawa.