Batir na Uku

Sharfaddeen mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a masallaci, liman na sallamewa za ka ga idonsa yana neman takalmansa. Shekara tara yana sayen takalma a Guangzhou yana aikawa Kano. A ta tara ya gaji da dillalan kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, ya ce daga yanzu da ƙafarsa zai riƙa zuwa masana'antu. Sai ya sayi tsohuwar mota irin mai ɗaki a ciki, da gado, da murhu, da ɗan firji, da farantin sola ɗaya a kan rufi.

Firjin nan shi ne maganar. Matarsa Surayya ita ta san takalmin da matan Kano za su saya, kuma duk kayan da ya taɓa zaɓa ba da ita ba sun yi kwantai. Tana da ciwon suga, allurarta kuwa dole ta zauna cikin sanyi. A fitar gwaji ta farko batir ya ƙare da rana tsaka, firji ya mutu, allura biyu suka ɗau zafi aka zubar.

Surayya ba ta yi faɗa ba. Ta sayi filas, ta cika shi da ƙanƙara, ta ce, "Baban Hawa, ranar da firjinka ya kwana uku bai mutu ba, zan ba shi allurata. In ba haka ba, ku tafi kai da motarka."

Saura kwana goma su tashi zuwa garin Dongguan, kuma masu masana'antu sun riga sun sa musu rana.

Ya kai motar wurin wani makanike ɗan ƙasar, aka ɗaura faranti na biyu. Firji ya kwana ɗaya ya mutu. Ya koma aka ƙara batir. Firjin ya yi kwana ɗaya da wuni. Sharfaddeen ya sa aka canja wayoyin lantarki, ya sayi sabuwar mita mai nuna caji, ya riƙa fita duba ta sau ashirin a rana. Abinci ma a tsaye yake ci. Duk sanda ya koma filin garejin da hayaniya, sai makaniken ya nuna masa mitar tana hawa lafiya lau, ya ce, "Laoban, matsala meiyo." Wato maigida, babu matsala. Sharfaddeen ya yanke hukunci cewa jabun kaya aka sayar masa.

Akwai mutane irinsa da yawa. In abu ya lalace, za su tuhumi mai sayarwa, da mai gyara, da ƙasar da aka ƙera abin. Kansu ne kaɗai ba sa dubawa.

Ran nan bayan azahar ya tare Maidaji, wani mutumin Damagaram da ke safarar kayan sola zuwa Nijar.

"Batir na uku nake so, babba," in ji Sharfaddeen. "Yau."

"Bakano ke nan. Ba gaisuwa, sai ciniki. Na uku na mene ne, gari za ka haska?"

"Firji ɗaya ne, kamar kwalin takalmi."

Maidaji ya dube shi. "Mu je in ga motar tukuna."

"Ba ni da lokaci."

"To ni ma ba ni da batir."

Suka bi wani lungu a bayan titin Huanshi Lu, Sharfaddeen a gaba yana waiwaye, Maidaji a baya yana tafiyarsa a hankali. Motar tana tsaye a wani filin ajiye motoci, a ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya mai saiwoyi da ke reto daga rassa. Inuwa ce mai duhu, ko ɗigon rana ba ya sauka. Sharfaddeen ya sha wahala kafin ya samu wurin. Kullum da sassafe yake zuwa ya kama shi, har mai gadin filin ya san shi.

Maidaji ya ɗaga kai ya dubi ganye, ya dubi rufin motar. Sai ya zauna a kan dakali.

"Nan kake ajiye ta?"

"Duk unguwar nan babu inuwa kamarta."

"Na gani. A hanya fa, in kun tsaya?"

"Sai na nemi bishiya mana. Wa zai bar mota a rana?"

"Mai sola." Maidaji ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. "Ka sayi abin da rana ce abincinsa, ka kawo shi inuwa ka ɗaure. Ko batir goma ka jera, da me za su cika? Wallahi sai na ba da labarin nan a Damagaram."

Sharfaddeen ya dubi rufin motar. Tun yana yaro ya ga mahaifinsa yana zagaya kasuwa sau biyu da mota don neman gindin dalbejiya. A wurinsu barin mota a rana sakaci ne: fenti ya koɗe, kujera ta ƙone mutum. Hannunsa ne yake kai sitiyari inuwa, bai taɓa tsayawa ya yi tunani ba.

Ya tayar da motar, ya kai ta tsakiyar fili inda babu ko sanda. Maidaji ya sa shi ya ja labule, ya buɗe tagar rufi don zafi ya fita. Mitar ta fara hawa.

Kwana ukun nan sun yi masa tsawo. Yana ganin rana na dukan motar sai ya miƙe tsaye. Sau biyu ya ɗauki makulli ya nufi ƙofa. A na biyun Surayya ta miƙa hannu, ya ba ta, ta jefa shi a jakarta.

Rana ta uku da la'asar ta shiga motar da kanta. Ta buɗe firjin, ta ɗauko gorar ruwan da ta ajiye, ta ɗora a kumatunta. Sannan ta buɗe filas, ta zaro allura ɗaya ta sa a ciki, ta mayar da murfin filas ɗin a kan sauran.

"Ɗaya kawai?" in ji Sharfaddeen.

"Ɗaya. Sauran sai na ga inda za ka ajiye mota a Dongguan."