Ciwon Wuyan Gaji

Gaji zabiya ne, daga Borno ya gudo da ƙafa cikin rana, ya kafa teburin dabino a gefen shagona na walda a Jekadafari. Ni ban cika son surutu ba, shi ma haka, sai muka shaku.

A wuyansa akwai wani ciwo da yake rufewa da rawani. Kullum ƙara tudu yake. Na ce mu je asibiti, ya ce ai zafin da kumburin alama ce jiki na yaƙarsa. Ban yarda ba. Na tsare shi sai da ya faɗi gaskiya. Shingen bincike yake tsoro. Mutumin Borno da bandeji a wuya, a shekarun nan, wa zai yarda ba daga daji ya fito ba?

"Yuguda, gara ciwon," in ji shi.

"Kai dai wawa ne. Tashi."

Likitar, wata Hilda, ta yanki ɗan nama aka auna, ta ce kansar fata ce. Gaji ya sake kawo zancen kumburinsa. Ta ce e, sojojin jiki sun taru a wurin, amma ciwon ya ruɗi wasunsu. Sun ɗauka rauni ne mai neman warkewa, suna ta buɗe masa hanyoyin jini, shi kuwa yana ci yana girma. Bai bazu ba tukuna, a yanke yanzu.

Ni wannan na gane shi sarai. Na sha ganin mai gadi yana taya ɓarawo ɗaukar kaya, a zatonsa mai gida ne.

Aka yanke. Ranar da za mu koma wankin ciwon na farko muka iso shinge, na sauka ina tura babur, Gaji na bina. Jami'in ya nuna bandejin da baki.

Na ce, "Kansa ce, rana ta jawo masa. In tafiya za a yi da shi, a haɗa da ni, amma a samu mai rufe min shago."

Ya dube ni, ya dubi Gaji. "Baba, ka cika baki. Ku wuce, kar ya daɗe a rana."

Sati na uku jami'in da kansa yake tambaya, "Yaya mai jiki?"

Wurin ya kame, ya bar tabo kamar ɗinkin buhu. Hilda ta ce a riƙa zuwa ana dubawa, kuma ban da rana. Na haɗa masa rumfar kwano a kan teburin. Ya ce ta karkace. Na ce ya je ya yi tasa.