Duron Kawu Bube

"Alhaji, don Allah ɗauke hannunka ga wanga inji. Ba albasa za mu ba ruwa ba."

Bakin Zayyanu har ya gaji da maganar nan, Alhaji Mainasara kuwa ko gezau. Tun da suka shigo shagon a kasuwar Sakkwato idonsa ke kan wani jibgegen injin ban-ruwa, irin wanda ake kafawa a bakin gulbin Rima. Manomin albasa ne a Rimawa, kuma a wurinsa duk injin da bai cika wa mutum kunne da ƙara ba tarkace ne.

"Ƙanena na kwance, ni ko in sai mishi abin wasan yara? Mi mutane za su ce?"

Ƙanen nasa shi ne Bube, maƙwabcin Zayyanu a Goronyo, katanga ɗaya ta raba su. Masunci ne tun tasowarsa, har gwiwoyi suka hana shi shiga jirgi, sai ya koma ƙyanƙyasar tarwada a gida. A filin bayan zaurensa ya girke tanki bisa bulo, ƴaƴan kifi maƙil a ciki. Ruwa ya gangaro ta bututu zuwa wani duro a ƙasa, ya ratsa tsakuwa da gawayi ya tace, sannan ɗan famfo mai aiki da hasken rana ya mayar da shi sama. Muddin ruwan na zagayawa, kifi na numfashi. Bube kan watsa ɗan gishiri a ciki don maganin cuta, gishirin ne ya ci cikin tsohon famfon, ya fara tari a makon da mai shi ya kwanta.

Bube ba shi da gona, ba shi da ɗa raye. Daga shi sai matarsa Husainatu. Da safiyar ranar, kafin su taho kasuwa, ya riƙe wuyan hannun Zayyanu, hannunsa zafi rau.

"Ɗiyan kihin ga su na gadon Husainatu. In sun kai yatsa masu tabki na zuwa su ɗauka, da su za ta ci tuwo. Kak ka bari su mutu, Zayyanu."

"Kawu, asibiti nika yi ma magana, kai kana ta kihi."

Bube ya sake shi. Igiya ya miƙo masa mai ƙulli a tsakiya, awon tsayin da ke tsakanin gindin duro da bakin tanki.

Igiyar nan Zayyanu ya shimfiɗa a kan teburin mai shago. "Ga inda za shi kai ruwa. Ba mai ƙarhi nika so ba. In ya cika ƙarhi sai shi zuƙe duro kahin ruwa shi sabko, tanki shi tumbatsa, ɗiyan kihi su bi ƙasa. Kuma wanda gishiri ba ya ci."

Mai shago ya yi ta tonon kwalaye, can ya fito da wani ɗan baƙin abu, bai fi dunƙulen hannu ba.

"Wanga na manyan mutane na, masu aje kihin teku cikin gilashi ga hwalo. Don ruwan gishiri anka yi shi. Amma hwa cikin ruwa shika zama. In ruwa yaƙ ƙare shina aiki, ƙonewa za shi yi."

Alhaji ya ja tsaki. "Kwaɗo ma ya hi shi jiki."

Zayyanu ya ce a naɗe masa. Suka kama hanyar Goronyo.

Kafin la'asar Zayyanu ya ɗaura famfon. Masu dubiya sun cika zaure, kowa da shawararsa, wannan ya ce a ƙara bututu, wancan ya ce a rage, amma babu wanda ya tashi ya riƙe masa ko filaya. Da ruwan ya fito siriri yana sauka cikin tanki, Zayyanu ya leƙa ɗakin majinyaci. Bube ya karkata kunne, idonsa a rufe.

"Ya yi," ya ce. "Awa bakin buta. Haka nika son shi."

Washegari da hantsi Husainatu ta yi salati da ƙarfi, Zayyanu ya jiyo ta daga bayan katanga, ya san an gama. Bai tsaya kuka ba. Ya shiga ya ga ruwa na zagayawa, ya gyara murfin duro, ya saɓa diga ya bi masu haƙa zuwa maƙabarta. Bazara ce, ƙasa ta yi tauri, sai da tafin hannunsa ya fashe. Can ya tsaya har aka sallaci gawa a ƙofar gida aka kawo ta. Jama'a kuwa ta zo, masunta daga bakin dam ɗin Goronyo, mutanen Boyekai, har da na Kwargaba. Zayyanu ne ya shiga rami ya karɓi maƙwabcinsa.

Rana ta take tsaka sa'ad da suka dawo. Yana sa ƙafa a zaure ya ji wurin shiru, sai wani ƙauri na ƙonanniyar roba. Ya kutsa tsakanin mutane ya fita filin baya.

Murfin duro na yashe a gefe. Butoci birjik a ƙasa, wurin duk ya caɓe da sawun ƙafafu. A gindin duron babu komai sai tsakuwa da gawayi, da ɗan baƙin famfon a kwance, gefensa ya narke. Ya leƙa tanki. Saman ruwan ya yi fari da cikkunan ƴaƴan kifi, ƴan kaɗan ne a gefe ke buɗe baki suna rufewa.

"Wa at taɓa duron ga?"

Bai san muryarsa ta kai haka ba sai da zauren ya yi tsit.

"Nic ce wa at taɓa shi!"

Alhaji Mainasara ya fito yana gyara babbar riga. "Ni na. Mutane sunka taru, babu ruwan alwala, ga duro cike an ruhe. In bar su su sallaci ɗan'uwana da taimama?"

"Rijiyar masallaci hwa? Tahiyar mi ta?"

"Ashe shi as sa ruwan da zartsi-zartsi," wani tsoho ya ce daga cikin zaure.

Maganar nan ta ƙarasa Zayyanu. Sun ji gishirin a bakinsu ke nan, sun kurkure sun tofar, babu wanda ya tambaya. Ya sa ƙafa ya shuri wata buta, ta daki katanga ta fashe.

"Kun zamna nan jiya kuna kallona! Dut kun ga inda nis sa shi! Mutum na mutuwa bai roƙe ku komi ba, abu guda yab bari ma matatai, kun kwashe shi buta-buta kun wanke ƙahwahu!"

"Kai yaro, ji tsoron Allah," Alhaji ya ce. "Ran mutuwa kaka yi muna hargowa kan kihi?"

"Kai za ka ci da ita, Alhaji? Hwaɗi gaban mutane in ji. Kai za ka ci da ita?"

Alhaji ya dubi jama'a, ya sunkuya yana neman takalminsa. Wani ya kama kafaɗar Zayyanu yana ba shi haƙuri, ya fizge. Ƙasar kabari na nan har yanzu a gwiwoyinsa.

Daga bayan zanan da ya raba filin da cikin gida muryar Husainatu ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Zayyanu?"

"Na'am, Inna."

"Tun ɗazu ban ji ruwan ga ba. Lahiya dai?"

Ya tsaya riƙe da bakin tanki.

Tsohon nan mai maganar zartsi ne ya fara ɗaukar butarsa ya fita. Can sai ga shi ya dawo da ita cike daga rijiyar masallaci, ya duƙa da ƙyar ya juye a duro. Wasu suka bi sahu, ɗaya bayan ɗaya, babu mai duban Zayyanu. Duro ya cika har baki, ruwan ya kwanta luf. Bututun da ke hawa sama kuwa bakinsa a bushe, ƙuda ya sauka a kai ya zauna.