Sajan da Hannun Baba

Fentin ƙofar sito ya zube daga ƙasa har tsawon gwiwa, katakon ya fito fari, duk sawun farce. Auta ta lura da shi tana wucewa da shayin Baba, ta ɗan rage tafiya, ta wuce. Aikin Sajan ne, karen gidan. Nan ake kulle shi duk ranar da Malama mai gashin ƙashi za ta zo.

Sajan barbarar yanyawa ne. Uwarsa irin manyan karnukan gadi ce, ubansa kuwa ba wanda ya san shi. Baba kan ce ta katanga surukin ya shigo, ta katanga ya fita. Ya ɗauko ƙirjin uwar da taurin kan uban, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance kamar ya gaji da jin magana. Kowa a gidan yana ba shi umarni, na Baba kawai yake ɗauka. Tun da Baba ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, Sajan ya tare a gindin baranda inda ake shimfiɗa masa katifa da rana. Ko ƙuda ne ya sauka a kan Baba sai ya bi shi da ido.

Zuwan Malama na ƙarshe ne ya ɓata komai. Tana miƙar da hannun Baba, Baba ya yi nishi mai ƙarfi, sai sakatar sito ta ɓalle. Kafin a ankara Sajan ya cafki gefen farar rigarta ya yage. Bai taɓa fatarta ba, amma matar ta tattara jakarta, ta ce, "Ko ni ko shi."

Yau ce ranar dawowarta, kuma Yaya ya riga ya yanke hukunci: wani abokinsa bakanike zai zo da mota ya tafi da Sajan gareji.

Auta ta kasa zama. Ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Ta buɗe firji ta rufe ba ta ɗauki komai ba. Ta zuba wa Sajan abinci, ya shinshina, ya kalle ta, ya koma wurinsa. Kowace mota ta wuce a layi sai ta waiga get.

"Ke, kin ishe ni da zirga-zirga," in ji Umma daga kicin. "Kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Yaya yana bakin get yana warware sarƙa. Auta ta je ta tsaya kusa da shi, tana murɗa bakin mayafinta.

"Yaya, a gareji fa ɗaure shi za su yi yini guda."

"To da kujera za su ba shi?"

"Ba zai ci abinci ba."

"Yunwa za ta koya masa. Auta, hannun Baba ko kare? Zaɓi ɗaya, tun da ke ce lauyarsa."

Ita dama ba gwanar musu ba ce. Ta juya ta dubi baranda. Baba yana jingine da matashi, hannun dama a cinyarsa, yatsun a dunƙule. Hannun hagu kuwa ya sauko ƙasa, yana kan wuyan Sajan. Ba wanda ya gaya wa Baba zancen gareji. An ce kada ransa ya ɓaci.

Haka gidan yake tun da ciwon ya zo, komai sai a ce kada ran Baba ya ɓaci. Malama ta nuna musu yadda za su riƙa miƙar masa da hannun safe da yamma. Umma ta gwada, Baba ya yi nishi, ta saki tana share hawaye. Yaya ya ce shi hannunsa da nauyi. Auta ta ce tsoro take ji. Aka bar shi a haka. In Malama ta tambaya ko ana yi, sai su haɗa baki: "Ana yi, ana ƙoƙari."

Tana tsaye a wurin abin ya faɗo mata. A idon Sajan, duk gidan nan ba mai sa Baba nishi. Mutum ɗaya ce, baƙuwa mai jaka, wadda da ta ƙwanƙwasa ake jan shi a jefa a duhu, ya riƙa jiyo muryar ubangidansa ta ƙasan ƙofa. In ita ce Sajan, me za ta yi?

Ta cire mayafin ta rataye a igiyar shanya. Ta ɗauko man zafi a kan taga, ta hau baranda ta durƙusa.

"Baba, zan miƙar maka da hannun."

Ya dube ta da ido ɗaya a ɗan lumshe. Bakinsa ya motsa da ƙyar. "Ke?"

"Ni."

"Yau... rana ta ina ta fito?"

Ta shafa man a tafinta, ta kama gwiwar hannun da wuyan hannun kamar yadda ta sha gani. Hannun ya fi yadda ta zata nauyi, ya kuma ƙi miƙuwa, kamar reshen da ya bushe a lanƙwashe. Ta ja a hankali. Baba ya ja iska ta haƙori.

Sajan ya miƙe.

Gurnanin ya fara daga can cikin ƙirjinsa. Gashin bayansa ya tashi. Ita ce mai zuba masa abinci tun yana ɗan kwikwiyo, bai taɓa nuna mata haƙori ba sai yau.

"Auta, sauko daga nan," in ji Yaya, ya taho da sarƙa.

"Tsaya inda kake, Yaya. Don Allah."

Ba ta san tana da irin wannan muryar ba. Shi ma bai sani ba, don ya tsaya.

Ta ƙara ja. Baba ya yi nishi sosai. Sajan ya ɗora ƙafafun gaba a baranda, numfashinsa mai zafi a kan damtsenta. Ya buɗe baki ya kama wuyan hannunta. Bai datsa ba, riƙewa kawai ya yi, jikinsa na kyarma, idonsa na kai da komo tsakaninta da Baba. Umma ta fito da ludayi a hannu, ta toshe baki.

"Sajan," in ji Baba. Sunan ya fito a karkace. Hannun hagu ya lalubo kunnen nan mai kwanciya ya murza. "Bar ta... aiki take."

Haƙoran suka sassauta. Bai koma ya kwanta ba. Ya tsaya yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, yana ɗaga ƙafa yana saukewa. Auta ta lanƙwasa hannun, ta sake miƙarwa. Baba ya yi nishi, Sajan ya taya shi.

"Ku biyu... za ku kashe ni," in ji Baba, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga.

Aka ƙwanƙwasa get. Umma ta buɗe ƙaramar ƙofa, Malama ta leƙo, ta hangi karen a sake, ta ja baya.

"Hajiya, ai mun yi magana."

Sajan ya juya ya yi haushi ɗaya mai kauri, amma bai bar gefen Baba ba. Malama ta tsaya a bakin ƙofar, jaka rungume a ƙirji, ƙafa ɗaya a waje. Idonta ya sauka a kan hannun Auta.

"Ƙanwata, haka na nuna muku? Tallafi gwiwar daga ƙasa. Daga ƙasa na ce. Wannan riƙon na wadda ba ta taɓa yi ba ne."

Umma ta sunkuyar da kai tana duba ludayinta.

"Ana yi, ana ƙoƙari," in ji Malama, tana kwaikwayon muryarsu. "Allah Ya shirye ku. Ni dai yau ba zan shigo ba, rigata ɗaya ta rage. A ba ni kujera nan. Ke za ki yi, ni in faɗa. In ya saba, ma gani."

Umma ta kai mata kujerar roba har bakin ƙofa. Malama ta zauna tana ba da umarni daga nesa: buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, kada ki saki don ya yi ƙara, ƙarar ba ta kisa. Gumi ya jiƙa wuyan Auta. Sajan ya zauna a ƙarshe, amma a kan shiri, kunnen tsaye yana fuskantar get.

A waje mota ta tsaya, aka danna hon. Bakanike ne.

Auta ba ta ɗago ba, amma duk jikinta yana sauraron Yaya. Aka sake danna hon, wannan karon da tsawo. Baba ya dubi ɗansa, ya dubi abin da ke hannunsa, bai tambaya ba.

Yaya ya jima a tsaye. Sannan ya naɗe sarƙar a tafinsa a hankali don kada ta yi ƙara, ya raɓa ta gefen kujerar Malama, ya fita don ya sallami bakaniken.