Ranar da Doña Leonilde Ta Wanke Sandar Mijinta

Tun shekarar farko ta aurensu Doña Leonilde da mijinta Arcesio suke gardama ɗaya, kuma har ya mutu ba su gama ta ba. Kuɗin da suka tara don sayen firiji ya kwasa ya tafi birnin Manizales. Ya dawo da yamma ba firiji, sai wata doguwar jakar fata a hammata, yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sandar sunuka ce a ciki, irin wadda ake buga ƙwallaye da ita a kan tebur. Ya ce wani matuƙin jirgin ruwa ne ya shigo da ita daga Amurka, kuma wata rana kuɗinta sai ya sayi gida. Ita kuwa ta ce to ya zuba madara a cikinta, ya ga ko za ta kwana ba ta lalace ba.

Daga nan duk faɗan da suka yi, ko a kan gishiri ne ko a kan ƙanwarsa mai tsegumi, sai ya gangaro ya tsaya a kan sandar. "Za ki gani," in ji shi. "Ina jira," in ji ta. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, furfura ta rufe su, ana za ki gani, ana ina jira. Sai kawai ya mutu yana barcin rana, ba ko sallama, ya bar ta da amsa a baki.

Da aka gama addu'o'in dare tara, Don Gildardo, mai gidan sunukar da ke bakin dandalin garinsu Salamina, ya zo da jakar a hannu. A gidan wasan kowane ɗan wasa yana da ɗan akwatinsa mai kwaɗo a jikin bango, inda sandarsa take kwana, kuma a nan ta Arcesio ta yi rayuwarta duka. Ya ce da suka buɗe, 'yarsa ta ɗauki hotunanta ta saka a intanet, ga shi wani mai sayen tsofaffin sanduna daga birnin Medellín ya rikice, ya ce zai zo ran Asabar ya yi mata kuɗi.

Leonilde ta ji daɗin labarin. Ba kuɗin take so ba. Abin da take so shi ne wani mai ilimi ya tsaya a gaban abokan Arcesio, waɗannan tsofaffin 'yan zaman banza da suka sha ɗaure masa gindi, ya ce da bakinsa wannan abu itacen girki ne.

Da Gildardo ya tafi ta zaro sandar a kan teburin kicin, ta ja baya. Warin taba ya daki hancinta. Zaren da aka naɗe wajen riƙo da shi ya yi baƙi ƙirin, yana maiƙo. Katakon ya dushe, ya koma kalar tsohon haƙori, ga wani zanen fensir can ƙasa, da alama ɗaya daga cikin jikoki ya taɓa samunta. Wannan ƙazantar za a nuna wa baƙo? Mutumin Medellín ya koma gida yana cewa matan Salamina ba su san sabulu ba? Ita da ko limamin coci ya taɓa cewa za a iya cin abinci a daɓen kicin ɗinta?

Ta ɗaura gyale. Ta fara da lemun tsami da soson ƙarfe. Ta sa almakashi ta yanke tsohon zaren ta jefa a murhu. Inda dattin ya ƙi fita ta aro sanfefa wurin kafintan maƙwabta, ta goge har zanen fensirin ya ɓace, katako ya fito fari tas kamar ɓararren rogo. Ta shafe ta da man ƙyallin da ake shafa wa kujeru, ta naɗe wajen riƙon da zaren saƙa ruwan hoda wanda ya ragu daga rigar sanyin jikarta. Ta jingine ta a bango tana kallo.

"Ko a mace sai na yi maka wanki," ta ce da hotonsa.

Ran Asabar da hantsi ta sa baƙar rigarta ta nufi dandali. Matan garin a bakin ƙofar gidan sunuka suke tsayawa su ƙwala wa mazansu kira, ba sa shiga. Leonilde ta shiga. Ƙarar ƙwallaye ta tsaya cak.

"Ubangiji ya yi mana rahama," in ji Don Ancízar, babban aminin marigayi, mai tumbin da ke hana shi kaiwa tsakiyar tebur. "Doña Leo a cikinmu! Gildardo, ɓoye kwalba."

"Ɓoye tumbinka tukuna, Ancízar, shi ya fi tsorata mutane. Ina baƙon?"

Baƙon yana kusurwa da kofin baƙin kofi a gabansa. Siriri ne, mai tabarau, sunansa Norbey Arango. Ya miƙe ya yi mata ta'aziyya cikin ladabi, ya shimfiɗa wani ƙyalle mai laushi a kan tebur, sannan ya zaro farar safar hannu ya saka.

"Kai, ɗana, tiyata za ka yi mata?" in ji Ancízar.

"Haihuwa zai karɓa," wani ya ce daga baya. Aka kwashe da dariya.

Norbey bai kula su ba. "Doña, ban yi barcin kirki ba tun da na ga hotunan nan," ya ce. "Wani tsohon kafinta ne a Amurka ya yi irinta, shi kaɗai a ɗan shagonsa, kuma bai yi da yawa ba ya mutu. Ana gane su da zaren, da irin man da ya shafa, da sa hannunsa na fensir a ƙasa. Ni sau ɗaya na taɓa riƙe irinta."

Da ta ji an ambaci fensir, Leonilde ta tuna zanen da ta goge, amma ta kawar da tunanin. Ta zuge jakar da kanta, ta zaro sandar, ta ɗora a kan ƙyallen. Hasken taga ya faɗa mata, ta ɗauki ƙyalli kamar sabon akwatin gawa.

Mazan suka matso kusa da teburin.

Norbey ya duba sandar, ya duba wayarsa, ya sake duba sandar. Ya cire tabarau ya goge. "Ba ita ba ce," ya ce.

"Ita ce mana. Wanka ta yi."

"Wa... wa ya yi mata?"

"Wa kake gani zai yi? Waɗannan? Su da ko wuyansu ba sa wankewa?"

Ya juya gindin sandar a hankali yana neman wani abu da yatsa. Ya zauna a kujera ba tare da ya duba ko tana nan ba. "Zaren fa?"

"Yana murhu."

"Da me kika goge ta?"

"Sanfefa. Mai laushin, ba mai kaushin ba, ni ba mahaukaciya ba ce."

Ancízar ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji, abin da ko a jana'iza sai da aka tuna masa. "Ruwan hoda," ya ce a hankali. "Arcesio, ɗan'uwana, gara da ka riga mu tafiya."

"Ka yi mini shiru. Kai kuma, ɗana, ba kuka na zo saurare ba. Faɗi kuɗinta, da ƙarfi, kowa ya ji."

"Yanzu?" Norbey ya buɗe hannuwa. "Yanzu ba ta da kuɗi, Doña. A sa mata kan tsintsiya, za ta yi kyau."

Leonilde ta juyo ta fuskanci mazan. Wannan ce maganar da ta yi shekaru tana jira, har ta tanadi yadda za ta ɗaga haɓa. Ta ɗaga. "Kun ji ko? Sandar tsintsiya."

"Na ce yanzu," in ji Norbey, muryarsa ta tashi. "Ranar da aka ɗauki hoton nan, da dattinta da warinta, akwai masu kuɗin da za su yi dambe a kanta. Ban san tsadar gidaje a garinku ba, amma da ta sayi ɗaya, har da baranda. Dattin shi ne kuɗin! Wannan baƙin da kika ƙona ba ƙazanta ba ce, hannun mijinki ne. Wuri ɗaya yake riƙewa kullum, ya fito a hoton, har gurbin yatsunsa ana gani."

Ya miƙo mata wayar. Ta karɓa don kada a ce ta ji tsoro. Ga sandar nan yadda take a da, ga baƙin zaren, ga wurare huɗu da suka ɗan lotsa a jere, na ƙarshen ya karkace. Ɗan yatsansa ne da ƙofar mota ta taɓa datsewa. Da wannan karkataccen yatsan yake taɓa mata wuya in yana son a shirya.

Ta mayar da wayar. Ta ɗauki sandar, ta kai wajen riƙon kusa da hancinta kamar mai duba ko man ya bushe. Lemun tsami kawai ta ji, da man kujera.

Gildardo ya turo mata kujera, ta ƙi zama. Ya zuba mata giyar rake a ɗan ƙaramin kofi, ita da ba ta sha sai a biki. Ta shanye a kurɓi ɗaya, idonta ya kawo ruwa, kowa ya yi kamar giyar ce.

"To," in ji Ancízar, da wata murya mai taushi da ba a san shi da ita ba. "Doña Leo, wa ya ci gardamar, ke ko Arcesio?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin banza masu shuɗin allin sunuka a yatsu. Ta mayar da sandar cikin jaka, ta zuge, ta saƙale ta a hammata.

"Shi ne da gaskiya," ta ce. "Sau ɗaya a rayuwarsa. Kuma duk wanda ya riga ni zuwa can a cikinku, in ya kuskura ya gaya masa, zai gamu da ni."